Yadda ake ba saniyar tatsa waken soya har kuɗin ya dawo

Duk mai shanu a bayan Accra, daga Oyibi zuwa Dodowa har Afienya, ya san abin da watan Janairu yake zuwa da shi. Hunturu ya busar da ciyawa, gobarar daji ta lashe saura, jarkar da ke cika da safe ta koma rabi. A daidai lokacin ne kuma matan da ke dama burkina da fura a Nima da Madina da Ashaiman suke kiran waya suna neman ƙari. In ba su samu ba sai su koma ga madarar gari ta buhu da ake shigowa da ita ta Tema, kuma wadda ta saba da waccan da wuya ka sake jawo ta.

Ina da 'yan shanun tatsa a wani garke da ke hanyar Dodowa, wasu 'yan gida, wasu masu jinin Turai. Abin da ya tsayar mini da madara a rani shi ne waken soya. Amma shi ɗin ne kuma ya kusa kashe mini saniya a shekarar farko, saboda na ba da shi yadda bai kamata ba. Shi ya sa nake so in bi hanyar dalla-dalla, daga buhu har ƙwarya.

Dalilin da ya sa yake aiki ba boyayye ba ne. Saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba, ƙananan halittu ne a cikin tumbinta suke yi mata aikin, su kuma suna bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, aƙalla kashi 7 cikin 100 na abin da ta ci. Busasshiyar ciyawar rani takan sauka zuwa kashi 3 ko 4. Sai ka ga saniya ta wuni tana kiwo, ciki ya cika, amma abincin ya tsaya a tumbi, haƙarƙari na fitowa, hantsa na motsewa. Waken soya na ɗauke da furotin wajen kashi 37, ƙulinsa kuma, bayan an matse mai, ya kai 44 zuwa 48. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya tayar da tumbin da ya kwanta.

Kafin ka sayi ko gwangwanin awo (olonka) ɗaya

Mataki na farko ba a kasuwa yake ba, a bakin garke yake. A nan filayen Accra, tsarin da muka tarar shi ne: shanu na mai garke ne, madara kuwa ta makiyayi ce, ita ce ladansa. To wa zai sayi abincin? Mai garke ya ce me zai sa ya kashe kuɗi a kan madarar da ba tasa ba, makiyayi kuma ya ce ba zai ciyar da saniyar wani daga aljihunsa ba. A ganina wannan ne babban abin da ya hana abinci irin wannan karɓuwa a garkunanmu, ya fi ma tsada. Masu kaji sun daɗe da rungumar soya domin mai kajin shi ne mai ƙwan.

Ni da dattijon da ke kula mini da shanu mun zauna a kan wannan. Na ce, "Baffa, in na kawo abincin, ƙarin madarar ta wa ce?" Ya yi shiru ya ce, "Alhaji, abin da suka saba bayarwa nawa ne. Abin da ya ɗaru a kai, mu cire kuɗin buhu, saura mu raba." A kan haka muka tsaya. Kai ma ka yanke irin wannan magana a gaban shaida kafin a fara, in ba haka ba za ka iske ana raba abincin ga garke duka, ko kuma ba a auna maka madarar daidai, ba don mugunta ba sai don ba a yi yarjejeniya ba.

Na biyu, ka tabbatar da mai saye. Madara ba ta jiran kasuwa a zafin Accra. Ka sami mai burkina ko mai wagashi, wato cuku, ko mai yogot da za ta karɓi ƙarin kullum, ku daidaita farashi da lokacin kaiwa.

Na uku, zaɓen saniya. Ba kowace za ta biya ka ba. Sanga da farar Bunaji da Gudali, bayan maraƙi ya sha nasa, lita ɗaya zuwa biyu ake samu a wuni. Ko ka cika musu komi da soya ba za su zama wani abu daban ba, jini ne. Masu amsa abinci da madara su ne haɗin Friesian ko Jersey da na gida, irin waɗanda gonar gwamnati ta Amrahia ta yi suna a kansu. A cikinsu ma, ka fara da wadda ba ta wuce wata uku da haihuwa ba, domin madara tana kai ƙololuwarta ne tsakanin mako na shida da na takwas, kuma abin da ka ɗaga a wannan lokacin shi ke bin ta har ƙarshen tatsa. Wadda ta yi wata bakwai ana tatsarta, abincin jikinta zai tafi.

Kuma a duba lafiyarta tukuna. Saniyar da kaska ta rufe, ko kirci ya kama, ko tsutsar ciki ta cinye, ba ta da abin da za ta yi da furotin ɗinka. Masu jinin Turai ba su jure kirci da sammore kamar na gida. A kira malamin dabbobi ya gama nasa, sannan a zo maganar komi.

Wane irin soya za ka saya

Iri huɗu za ka tarar. Akwai ɗanyen wake, wanda ake nomawa a arewacin Ghana, wajen Yendi da Gushegu da Karaga da Saboba da yankin Wa, yawanci irin da cibiyar binciken noma ta Nyankpala ta fitar, kamar Jenguma da Afayak. Akwai ƙuli na injin matsa, mai ɗan sauran maiƙo a jiki, da ke fitowa daga masana'antun Kumasi da Techiman da ƙananan injuna. Akwai garin da aka zare wa mai kusan duka, mafi yawan furotin, wanda masu sayar da kayan abincin kaji ke ajiyewa, wani na gida wani na waje. Sai dusar da ke saura a hannun masu awara da madarar soya.

Wannan ta ƙarshe tana da kyau kuma da araha, sai dai kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne, kuma kwana ɗaya zuwa biyu take yi ta yi tsami. In mai awara na kusa da kai, karɓa kullum ka bayar a ranar. Kada ka biya aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ta ɗauko maka ruwa daga nesa.

Ga wanda zai fara, ƙuli ko gari nake ba da shawara, don an riga an ratsa su da zafi, babu aikin suya. In ka je saye, buɗe buhun da kanka, ka zura hannu har tsakiya. Launin ya zama ruwan ƙasa mai haske, kamar soyayyar gyaɗa, ƙamshin ma haka. In ya yi duhu kamar kofi yana warin ƙauri, an ƙona shi, furotin ɗin zai wuce ta cikin saniya ya fita ba ta amfana ba. In ya yi fari yana ɗanɗanon ɗanyen wake, zafin bai isa ba. In ya dunƙule, ko ya yi ɗumi a tsakiya, ko ka ji warin fumfuna, bar shi ko da kyauta ne. Na taɓa sayen buhu uku a wani shago saboda sauƙin kuɗi. Da muka zuba kofi ɗaya a roba da ruwa muka motsa, yashi ya kwanta a ƙasa, buntun shinkafa ya taso sama. Wannan gwajin ba ya cin minti biyar, ka yi shi a gaban mai kayan.

Kada farashin buhu ya tsorata ka kafin ka yi lissafi. Buhun ƙuli mai kilo 50, a kan kashi 44, yana ɗauke da furotin kilo 22. Kilo 50 na dusar alkama, a kan kashi 15, kilo 7 da rabi ne kawai. Ƙulin kwakwar manja bai wuce kilo 8 ko 9 ba. Wato ta fuskar furotin, buhun ƙulin soya ɗaya ya tsaya a madadin kusan uku na dusa. Muddin kuɗinsa bai ninka na dusa sau uku ba, shi ne mai araha.

Lokacin saye kuwa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ake girbi a arewa. Daga nan sai hawa, don masu kaji da masu matse mai da 'yan kasuwar waje duk suna bin wake ɗaya. A watan Agustan 2024, da ruwa ya ɗauke a arewa, har sai da gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya daga ƙasar. Wanda yake da wurin ajiya, ya haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku su sa a ɗauko musu daga Tamale lokaci guda.

Suya, ga wanda ya sayi ɗanye

A nan zan daɗe, don a nan na yi kuskure. A shekarar farko na kai ɗanyen wake injin niƙa, aka mai da shi gari lilis, na zuba wa saniyata mafi kyau kusan kilo biyu tun ranar farko. Kwana uku ta fara zawo, ta daina tuƙa, ta juya wa komi baya. Madarar da nake neman ƙari a kai ta faɗi, kuma sai da ta yi fiye da mako biyu kafin ta dawo daidai. Kuskure uku na haɗa: ɗanye, niƙa mai laushi, da gaggawa.

Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin. Babbar saniya tana iya jure kaɗan, amma maraƙin da bai kai wata huɗu ba kada ya kusance shi. Yana kuma da wani sinadari da ke farfasa takin yuriya nan take, don haka duk mai jiƙa karan shinkafa da yuriya, ko mai ajiye dutsen lasa mai yuriya, kada ya haɗa su da ɗanyen wake; gubar da ke tasowa tana iya kayar da saniya cikin ƙanƙanen lokaci. Wuta tana kashe duka biyun. Tana kuma yin wani abu mai amfani: furotin ɗin ɗanyen wake, kusan kashi uku cikin huɗu a tumbi yake narkewa, da yawansa ya tafi a fitsari. In aka soya daidai, kusan rabi yana tsallake tumbi ya isa hanji lafiya, can ne jini ke ɗauka ya kai hantsa.

Masu bincike a jihar Wisconsin ta Amurka sun tsayar da ma'auni: waken ya kai zafin digiri 146 a ma'aunin Celsius, sannan a tara shi da zafinsa na rabin awa kafin a sanyaya. Mu da ba mu da injin su, ga yadda muke kusantar hakan.

Ka sheƙe waken, ka tsince dutse da ruɓaɓɓe. Ka sami babban kasko irin na suyar garin rogo, ko ganga mai mariƙin juyawa irin ta masu gyaɗa. Wuta ta zama matsakaiciya, garwashi ya fi harshen wuta. Zuba daidai abin da za ka iya juyawa ba tsayawa, a kaskonmu olonka huɗu ne. Za ka ji ya fara ƙara, ɓawon yana tsagewa, warin ɗanye ya tafi, ƙamshin gyaɗa ya taso. Daga nan kana ɗibar ƙwaya biyar kana fasawa da haƙori. Bayan ba shi ne abin dubawa ba, ciki ne: ya tashi daga rawaya ya koma launin tunkuza mai haske har tsakiya. In baya ya yi baƙi ciki na nan rawaya, wutarka ta yi yawa, janye itace.

Da ya kai, juye shi cikin gangar ƙarfe ko babbar tukunya ka rufe, ka duba agogo, minti 30. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ke sa zafin ya ratsa kowace ƙwaya. Kada a zuba mai zafi a buhun leda. Bayan rabin awa ka baza shi a kan siminti mai tsabta ya huce sarai. In ka bar shi a tare zai ci gaba da dahuwa har ya ƙone.

Sai ɓarza. Ka tsaya a kan mai injin, ka ce masa ya sassauta, kowace ƙwaya ta rabu biyu ko huɗu, ba gari ba. Wake yana da mai kusan kashi 19; in ya zama gari, man yakan kwarara cikin tumbi gaba ɗaya, ya dami halittun da ke narkar da ciyawa, madara ta tsinke, man shanu ya ragu. Ɓarzajje kuwa a hankali yake sakin mansa. Kuma kada ka ɓarza fiye da na mako guda, don da zarar an fasa shi man yana saurin yin ɗoyi a zafinmu.

Wannan batu na mai shi ne ya sa manoman Amurka suka fara karɓar wani wake na musamman, irin su Plenish da Soyleic. Man waken da muka sani fiye da rabinsa irin wanda ke rage maiƙon madara ne in ya yi yawa. Na waɗancan kuma fiye da kashi 70 irin man zaitun ne, don haka ana iya ba saniya da yawa maiƙo ya ƙaru. Su can ana biyan manomi ne bisa yawan maiƙon da ke cikin madararsa, shi ya sa lissafin ya fita. Mu nan da lita ake saye. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne mu kiyaye ma'auni da ɓarza. Wanda zai gane bambancin maiƙo a wurinmu ita ce mai wagashi, ita da ke ganin yawan abin da ya dunƙule bayan ta sa tumfafiya.

Haɗi

Soya ba a ba da shi tsura. Furotin ne, yana bukatar abin ba da ƙarfi a gefensa. Ga haɗin kilo 100 da nake yi: dusar masara ko ɓarzajjiyar masara kilo 40, dusar alkama kilo 36, ƙulin soya kilo 20, garin ɓawon kawa kilo 2, gishiri kilo 1, sinadarin bitamin da ma'adinai na shanu kilo 1. Wannan yana ba da furotin wajen kashi 18, daidai abin da saniyar tatsa ke so. In soyayyen wake ne a hannunka, sa kilo 23, ka rage masara zuwa 38, dusar alkama zuwa 35.

Ɓawon kawa, wanda ake kawowa daga bakin Volta kuma masu kayan kaji ke sayarwa, kada a raina shi. Dusa da soya duka ba su da isasshen sinadarin ƙashi, madara kuwa kullum tana zuƙe shi daga jikin saniya.

Dusar masara ana samunta wajen masu koko da dokunu, amma a shanya ta ta bushe ƙarau. Masara mai fumfuna ita ce babbar hanyar gubar aflatoksin, kuma gubar tana bi ta jikin saniya ta fito a madara, tafasawa ba ta kashe ta. Yaranmu ne ke shan wannan madarar. Haka nan kada wani ya ce ka ba saniya haɗaɗɗen abincin kaji don yana da soya a ciki. Yakan zo da garin kifi da magungunan da ba na saniyar tatsa ba.

Wajen cakuɗawa, fara haɗa ƙananan, wato gishiri da ɓawon kawa da bitamin, cikin dusa kilo biyar, sannan ka watsa a kan babban tarin, ka juya da shebur daga wannan gefe zuwa wancan sau uku. Ajiye buhuna a kan katako, nesa da bango.

Nawa za a ba ta

Ka san nauyinta tukuna. Da tef ɗin tela ake yi: auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, da tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. Ninka zagayen da kansa, ninka da tsawo, raba da 10,840. Mai zagaye 160 da tsawo 140 ta kai kilo 330. Irin wannan za ta ci busasshen abinci wajen kilo 9 zuwa 10 a wuni, kuma fiye da rabinsa dole ya zama ciyawa, harawa, karan shinkafa irin na Dawhenya da Asutsuare, ko ɗanyar ciyawar giwa da aka sassara. Wannan ba a sasanta shi. Saniyar da haɗi ya fi ciyawa yawa a cikinta, tumbinta zai yi tsami.

Ƙa'idar da ake bi ita ce kilo ɗaya na haɗi a kan kowace lita biyu. Da damina ciyawa mai kyau kan ɗauki nauyin jiki da lita biyu ko uku na farko, don haka mai ba da lita 8 za ta samu kilo 2 da rabi zuwa 3. Da rani ciyawa ba ta ɗaukar komai, sai a kai ta kilo 4. A raba biyu, safe da yamma lokacin tatsa, kada ya wuce kilo 2 a zama ɗaya. Kowace da kominta ko robarta, in ba haka ba mai ƙaho za ta cinye rabon mai madara.

Na gida kuwa, kilo ɗaya a wuni da rani ya ishe su. Ribarsu ba a jarka za ka fi ganinta ba, a jikin maraƙi ne, da kuma yadda uwar ke saurin neman sa maimakon ta yi shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Shigar da shi sannu a hankali ake yi, don halittun tumbi suna bukatar mako biyu zuwa uku su saba. Kwana uku na farko rabin kilo. Sai a ƙara rabin kilo duk bayan kwana uku har a kai inda ake so. In ta ƙi ci da farko, yayyafa ɗan ruwan gishiri a kai, ko ka cakuɗa da dusar da ta saba.

Ruwa kuma. Madara kusan kashi 87 ruwa ce. Saniya mai jinin Turai a zafin Maris tana iya shan lita 60 zuwa 80. Wanda ke kai shanu dam sau ɗaya a wuni, kuɗin soyarsa rabi zai dawo. A ajiye rabin ganga a inuwa, cike kullum.

Awo da littafi

Ba na yarda da "ta ƙaru" ta baki, har daga bakina. Sami kofi mai alamar lita da ɗan littafi. Mako guda kafin ka fara, rubuta madarar kowace saniya safe da yamma. Ka ci gaba da rubutawa cikin makonnin sabo da mako biyun da ke biye. Sannan ka zauna: ƙarin lita nawa a wuni, sau farashin lita, a cire kuɗin haɗin da ta ci. A kula kada a sauya yadda maraƙi ke sha a tsakanin, don in an rage masa za a ga ƙarin ƙarya a jarka.

Daga nan sai gwaji na biyu. Ƙara mata rabin kilo ka jira mako guda. In ta ba da ƙarin lita, ka bar shi. In ba ta motsa ba, ka koma baya, ta kai iyakarta. A garkena akwai wadda na ɗauka ita ce gwana saboda girman hantsa, littafi ya nuna ba ta biyan abin da take ci. Wata 'yar ƙarama mai jinin Jersey da ba wanda ke kallo, ita ce ke riƙe da lissafin. Na rage wa waccan na ƙara wa wannan, da buhu ɗaya.

Kullum da safe ka duba kashinsu. Mai kyau yana zubowa da kauri ya taru wuri ɗaya, da ɗan rami a tsakiya. In ya tsinke yana fantsama, ko yana kumfa da warin tsami, haɗi ya yi yawa ko an yi gaggawa. Rage rabi, ƙara harawa. In kana ganin ƙwayar wake a ciki, ɓarzar ba ta yi ba. In ya fito a dunƙule da tauri, furotin ko ruwa bai isa ba. Da rana in sun kwanta a inuwa, fiye da rabinsu su kasance suna tuƙa. Wadda ta daina tuƙa, ko gefen cikinta na hagu ya kumbura kamar ganga, a janye haɗin nan take a kira malamin dabbobi, ba a jira gobe.

Saura wata biyu ta haihu, a daina tatsa, a janye haɗin ko a bar mata kaɗan in ta rame. Saura mako uku a dawo da shi, daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi, don tumbi ya shirya. Amma na wannan lokacin a cire masa ɓawon kawa da gishiri, sai ta haihu a mayar. Maraƙi ya sha dakashi ya ƙoshi a awannin farko, kuma daga mako na biyu ana iya ajiye masa ɗan tafin haɗin da aka yi da ƙuli ko soyayyen wake.

Da ruwan Afrilu ya sauka, sabuwar ciyawa ta fito da furotin ɗinta, sai ka sauko da ƙulin daga kilo 20 zuwa 10 ko 12 a cikin ɗari, ka cike gurbin da masara. Sauran buhunan a ɗaure su da kyau, a ɗaga su daga ƙasa saboda laimar Yuni, a riƙa buɗe ɗaya ana shinshinawa duk mako.